Jawo layin waya zuwa bayan dutse

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Na fara rubuta wannan ne saboda na san halina, in ban rubuta ba nan da wata biyu zan manta nawa na kashe da abin da ya lalace. Ƙauyenmu a ƙasar Ningi yake, cikin kwari, dutse ya gitta tsakaninmu da gari kamar katanga. Eriyar kamfanin waya tana can cikin gari, kilomita 12 kacal, amma a tsakar gidanmu ko sanda ɗaya ta sabis babu. Mai son kira sai ya hau dutsen, tafiyar minti arba'in, ya tsaya kan wani falalen dutse da yara suka sa wa suna ofis, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Samari ba ruwansu, hawa suke. To tsohuwa fa, ko mai naƙuda ƙarfe biyun dare? Bara da damina abin da ya samu matar ƙanina ke nan, kafin a hau a samu mai mota har gari ya waye. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, jaririn ne bai zo da rai ba. Tun ranar abin yake cina.

Abin da nake son yi ba sabo ba ne. Da can in NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, za ta ba ka layi sai an ja igiyar jan ƙarfe guda biyu daga cibiyarsu har ɗakinka, bisa turaku. Wannan guntun na tsakanin cibiya da gida shi ne mai cin kuɗi a harkar tarho, shi ya sa ƙauye bai taɓa ganinsa ba, wa zai kafa turke ɗari biyu saboda gida goma? Sai injiniyoyi suka ce to a cire igiyar a sa rediyo a madadinta, wayar tana nan girke kan tebur da lambarta, amma maganar ta iska take bi. Shi suke kira WLL, wato layin gida marar igiya. Duk wanda ya zauna Kano wajen 2005 ya ga irinta, wayoyin tebur na Starcomms masu 'yar eriya a gefe, lamba 064, masu lema a bakin titi suna sayar da kira da su. Ni lokacin ina koyon gyaran waya, hannuna ya taɓa ɗaruruwansu. GSM ce ta cinye su a hankali, har ita ma Visafone, wani kamfanin irin wannan layi, MTN ta saye ta a 2016, aka rufe babin CDMA, fasahar da suke aiki da ita. Sai dai GSM ɗin da ta kore su ba ta iso bayan dutsenmu ba har yau, shekara ashirin da biyu da zuwanta ƙasar.

Asabar, 13 ga Janairu

Gwaji na farko, kuma ya faɗi ƙasa warwas. Na zo da wayar tebur mai cin sim da eriya irin mai kama da ƙayar kifi, Yagi, na ɗaura ta a gora biyu da aka haɗa, wajen mita takwas, na sa yara suka riƙe muna juyawa gabas da yamma tun hantsi har la'asar. Babu. Sau ɗaya sanda ɗaya ta leƙo ta ɓace, ina jin daga wani dutsen can ta yi tsalle ta faɗo. Dubu 41 ke nan tsakanin wayar da eriyar da kebul. Wani ya ce me zai hana in sayo busta, na ce busta ai abin da ta samu take ƙarawa, in ba ta samu komai ba me za ta ƙara, ga shi kuma hukumar sadarwa NCC ta sha yin gargaɗi a kan masu kafa ta ba izini don tana dagula wa maƙwabta netwok. Na naɗe Yagi na jefa ƙarƙashin gado.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ban yi komai ba. Taswira kawai nake kallo a Google Earth ina auna tsayi.

Asabar, 20 ga Janairu

Ga tsarin da na tsayar. Wuri uku ne. Saman shagon Yaya a gari, inda sabis yake a cike, nan za a ajiye sim da 'yar kwamfutar da za ta riƙa haɗa kira, Raspberry Pi ce da nake da ita tuni, na sa mata Asterisk, manhajar haɗa kira. Daga nan rediyo mai faranti zai harba zuwa kan dutse, kilomita 9. A kan dutse rediyo biyu baya da baya, ɗaya na kallon gari ɗaya na kallon ƙauye. Sannan kemis ɗin ƙauye, kilomita 3 daga dutsen, nan rediyo na huɗu zai zauna, daga shi a ja wayoyin tebur huɗu, kemis, gidan Dagaci, gidan Goggo ungozoma, da makarantar firamare.

Ba ni na ƙirƙiro ba fa. Mutanen Indiya sun yi kusan haka tun shekarun 1990 da wani tsari corDECT da aka ƙera a jami'ar fasaha ta IIT Madras ƙarƙashin Farfesa Ashok Jhunjhunwala, yana cin kilomita 10, in an sa tashar tsakiya ya kai 25, kuma layi ɗaya yana ɗaukar magana da intanet tare. Tashar tsakiyar nan ita ce dutsena. Bambancin kawai su sai da suka ƙera kayansu, ni kuwa rediyon wayfai na 5 GHz zan saya a kasuwa.

Da yamma muka je gaida Dagaci ni da Kawu. Na ce ranka ya daɗe so nake in ɗora ƙarfe a kan dutse. Ya yi shiru ya ce ɗana, wane gefen? Ashe akwai ɓangaren da tun kakanni ba a sara ba a haƙa, ban tambayi dalili ba shi ma bai faɗa ba. Allah ya taimake ni wurin da nake so yana can ɗaya gefen kusa da ofis. Sai ya yi tambayar da ta fi duk lissafina, ya ce in ka koma Kano wa zai riƙa duba shi? Na ce za a samu. Ya ce to a samu tukunna. Ya kawo maganar aikin wayar karkara da gwamnatin tarayya ta fara zamanin Obasanjo, wai har an zo an yi musu bayani a lokacin, shiru kake ji. Ban ce komai ba, don ni ma na san gine-ginen aikin nan da yawa ciyawa ce ta gaje su.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Kano, sayayya. Kaina har yanzu ciwo yake. Lissafin da na yi a Disamba ya tashi a banza, dala ta haura 1,400 cikin 'yan kwanakin nan, kowane mai shago sai ya duba waya kafin ya faɗa maka kuɗi, wani ma cewa ya yi in dawo bayan azahar farashi bai fito ba tukun.

Rediyo huɗu na hannu, 62,000 kowanne, 248,000. Faifan sola mai wat 200 guda biyu, 156,000. Batir mai 100Ah guda biyu, 290,000. Kwantirolar cajin sola biyu, 44,000. Akwatin da ke haɗa wayar tebur da netwok, mai rami huɗu, 58,000. Wayoyin tebur huɗu na gwanjo, 28,000. Kebul, kawuna, tef, da 'yan abubuwan da ke ɗaga wuta daga bolt 12 zuwa 24 don rediyon 24 yake ci, 65,000. Jimla 889,000.

Ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kano da Abuja 700,000 suka tara, sauran daga aljihuna, kuma ba a sa faif da siminti da mai walda ba. Batir ɗin na same su da sauƙi fiye da sauran shaguna, har ina yaba wa kaina.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Mai walda ya gama akwatin ƙarfe da turke, 54,000. Siminti buhu biyu kawai na iya saya, farashinsa ya haukace, sauran da duwatsu za mu danne.

Asabar da Lahadi, 17 da 18 ga Fabrairu

Hawan kaya. Jaki ya kai rabin hanya ya ce shi kam nan ya tsaya, sauran a ka aka ɗauka, samari tara, ruwan kwaɓa siminti ma jarka-jarka aka hau da shi. Na ba su 2,000 kowa da shinkafa da wake, Habu ɗan Kawu ya ƙi karɓa.

Saitin farantin gari ne ya sha ni. Na ɗauka zan hango gari daga sama in nuna kawai, ina! Hazo ya rufe ko'ina, ko kilomita biyu ba ka gani. Yaya ya hau saman shago da madubi yana haskowa, ba a ga komai ba. Ƙarshe da kamfas ɗin waya na kama kusurwa, Yaya yana can gaban laftof yana karanto min lambar ƙarfin saƙon rediyon ta waya, ni ina tsaye a ofis da sanda ɗaya ta sabis mai zuwa tana ɗaukewa, Habu yana kan turke yana juya faranti kaɗan-kaɗan kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Yaya, nawa yanzu? Tamanin da biyar. Yanzu fa? Ya ɓace. Haka muka yi awa uku har ta sauka -63, na ce Habu kar ka ƙara numfashi, ɗaure. A wannan lambar ƙarami shi ne alheri, -60 ya fi -80 nesa ba kusa ba.

Ɓangaren ƙauye da na raina, kilomita 3 ai wasa ne, shi ya ƙi. -78, yana hawa yana sauka. Ɗorawar gonar Kawu ce, tana tsaye daidai kan hanya kamar mita ɗari biyu daga kemis. Saƙon rediyo ba kamar zare yake tafiya ba, ciki gare shi, siriri a baki biyu mai kumburi a tsakiya, a tazarar kilomita 9 kumburin ya kusa mita 11 ta kowane gefe, a kilomita 3 wajen mita 6, kuma ana so akasarinsa ya zama fili. Ko kana hango ɗaya farantin ta saman ganye ba lallai ya wadatar ba. Na ce Kawu ko a rage mata reshe biyu. Ya dube ni ya ce kai yaro, kalwar da uwarka ta yi maka miya da ita daga ina ta fito? Na ja bakina. Mun ƙara faif, turken kemis ya tashi daga mita 6 zuwa 9, aka ɗaure shi da waya ta gefe uku, lamba ta dawo -61. Ƙarin 17,500.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ta yi ƙara. Ƙarfe huɗu da ɗan wani abu na ɗaga wayar kemis na ji wannan dogon kukan na layi, wanda rabon da in ji shi tun ina yaro a ofishin babanmu. Na danna 12, ta gidan Dagaci ta kama ruri, yaran zaure suka watse da gudu. Lambobin su ne 11 kemis, 12 Dagaci, 13 Goggo, 14 makaranta, in waje za ka kira sai ka fara danna 9. Kira daga waje kuma kemis yake faɗowa, mai kemis ya tura wa mai shi, ya zama afareta irin na da ke nan ba tare da an tambaye shi ba.

Goggo ce ta fara kiran waje, ɗanta a Fatakwal. Ta riƙe kan wayar a juye, aka gyara mata, ta ce kai ne? Ina cikin ɗakina fa, a zaune! Ta maimaita ya fi sau biyar. Na fita waje don kar yara su ga idona.

Abin dariyar, aikin da ake kira marar igiya sai da na ja igiya mita 600 tsakanin gidajen nan. Akwai amsa-kuwwa kaɗan in ana magana da waje, na rage ƙarfin murya a saiti ta lafa.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Aka aiko yaro kan dutse ya kira ni, wai waje ba ya shiga. Na yi ta zargin rediyo, ashe sim ne aka rufe. Wa'adin da NCC ta bayar na haɗa layi da NIN jiya ya cika, ni kuma tsohon sim na ɗauko daga durowa na sa ban duba ba. Laifina ne tsaf. Yaya ya cire nasa na biyu ya sa. Zan yi wa ƙungiya rajistar layi na musamman, guda ɗaya tak, kuma ba na son abin ya yi kama da sayar da layin waya, wannan sai da lasisi. Wayar jama'a ce, kowa ya zuba kuɗin katin da ya ci.

Asabar, 9 ga Maris

Sati guda ke nan kullum wajen ƙarfe uku na dare komai yake mutuwa, sai tara na safe ya farfaɗo. Wato daidai lokacin da aka yi abin dominsa. Lissafi bai yarda ba, rediyo biyu na kan dutse wat 13 suke ci gaba ɗaya, dare na awa goma sha uku bai kai wat-awa 200 ba, batir mai 100Ah kuwa 1,200 ne, ko rabinsa aka ce a taɓa ya isa ya yi dare uku.

Na hau yau na samu matsala uku, ba ɗaya ba. Faifan sola ya yi ƙura har ana iya rubutu a kai, wani ma ya rubuta sunansa. Na biyu, an ɓalle gefen akwatin an jona 'yar caja mai baki biyar, ashe samarin da ke hawa ofis yin cati sun samu wurin caji kyauta. Na uku shi ya fi min ciwo, na sauko da batir ɗin muka ɗora a sikelin mai sayen hatsi, kilo 19. Batir na gaske mai wannan girman yana kusan kilo 30. Rubutun jikinsa ne kawai 100. Araha ba ta ado, ni da na shekara ashirin a kasuwar nan aka yi min haka. Na kira mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, ba ya karɓar kaya bayan wata guda.

Maganar samarin na so in kai ƙara wurin Dagaci, Habu ya ce Yaya bari, in ka sa kwaɗo za su fasa, in ka ba su nasu za su tsare maka. Gaskiyarsa. Na sayi ƙaramin faifai mai wat 30 da bakin caji, 24,000, muka kafa musu daban a gefe, ba batir, rana ta fito ka yi caji rana ta faɗi ka sauka. Sharaɗi ɗaya, duk wanda ya hau ya goge babban faifan da tsumman da na rataye. Habu ne mai riƙe makulli yanzu, 5,000 a wata daga ƙungiya. Amsar tambayar Dagaci ke nan, sai da ta ɗauki sati bakwai.

Sabon batir 178,000, bashi na ci wurin Yaya. Na sa an ɗora shi a sikeli a gabana kafin in biya, mai shagon yana ta dariya.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi na huɗu. Tun safe intanet ke rarrafe a Kano, bankuna sun tsaya, na kasa leƙa na'urar daga nesa, hankalina ya tashi na ɗauka wani abin ya sake ƙonewa. Sai da yamma labari ya fito cewa igiyoyin ƙarƙashin teku ne suka katse ta yammacin Afirka, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashe da yawa abin ya shafa. Na kira layin ƙauye ta sim, mai kemis ya ɗauka yana hamma, ya ce lafiya lau, wace igiya kuma?

Sai dai ya sa ni tunani. In Goggo ta kira kemis, gida shida tsakaninsu, muryarta sai ta hau dutse ta je gari wurin kwamfutar ta dawo. Ranar da hanyar gari ta yanke, ko maƙwabci ba za a iya kira ba. Wannan wauta ce a tsarina.

Asabar, 23 ga Maris

Na maido mai haɗa kira kemis. A gari na bar wata tsohuwar Pi da aboki ya ba ni, aikinta kawai riƙe sim. Na gwada, na kashe rediyon dutse, 11 ta kira 13 ta shiga. Ɓera ko gara, ban sani ba, wani abu ya ci igiyar makaranta a wuri biyu, mun sa ta cikin tiyo mun binne. Da azumi a baki, ban ƙara komai ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na zo gida sallah, na zauna na duba rajistar kira ta sati uku. Ban yi zaton abin da na gani ba. Kira 412, a ciki 290 na cikin ƙauye ne, tsakanin wayoyi huɗun nan. Ni duk tunanina Kano da Legas da Fatakwal mutane ke son kira, ashe matan aure da ba sa fita su ne suka kama abin, a aika yarinya gidan Goggo ta kira kemis a tambayi maganin zazzaɓi, ko a tambaya motar kasuwa ta iso. Goggo ta ce yanzu gidanta ya zama tasha, har ta fara korar masu zuwa hira. Kuma wannan kiran ko sisi ba ya ci, rana ce ke biya.

Na tuna abin da Grameen, masu ba talakawa rance, suka fara a Bangaladash a 1997, a ba mace rancen waya ta riƙa sayar da kira a ƙauyensu. Su ma a hannun mata abin ya zauna. Na baya-bayan nan kuma akwai Zenzeleni a Mankosi ta Afirka ta Kudu da Rhizomatica a Talea de Castro ta Meziko, duka jama'ar gari ne ke riƙe da netwok ɗinsu, kuma duk wanda na karanta labarinsa rigimar kuɗin kulawa ta fi ta na'ura yawa.

Mu ma ga tamu. Katin waje 19,000 aka ci, abin da ke cikin gwangwani 11,300. Mai kemis ya ce shi ba zai iya bin surukinsa bashin naira ɗari biyu ba, kuma na fahimce shi. Aka zauna a zauren Dagaci bayan la'asar, aka daɗe, wani ya ce a sa kati kowa ya saya, wani ya ce ai sadaka ce 'yan birni suka yi. Liman ne ya raba gardama, kiran rashin lafiya da mutuwa kyauta, sauran a biya kafin a ɗaga, kuma kowane gida mudu ɗaya na hatsi da kaka don batir. Ni na sa wa kiran waje iyaka, minti biyar ya yanke da kansa. Wanda ya fi kowa ƙorafi a kan haka malamin makaranta ne, kuma rajista ta nuna dalili, lamba ɗaya yake kira kullum bayan isha'i. Ban faɗa wa kowa ba, na kuma sa wa rajistar makulli, don abin da na gani bai kamata kowa ya gani ba, har ni.

Asabar, 27 ga Afrilu

Zafi. Pi ɗin kemis tana kai maki 80 da rana tana rage gudu, murya na kakkatsewa. Na sa mata 'yar fanka, 3,500, na ɗauke ta daga ƙarƙashin kwano. Akwatin kan dutse mun yi masa rumfar zana.

Lahadi, 19 ga Mayu

Daren Juma'a aka yi hadarin farko, iska da tsawa, ruwan ma bai taka kara ya karya ba. Da safe Habu ya hau ya kira ni, ya ce Yaya farantin gari ba ya kawo wuta kuma akwatin na warin ƙuna. Na taso jiya.

Turken bai faɗi ba, mai walda ya yi aiki. Rediyon da ke kallon gari ne ya tafi, bakin kebul ɗinsa ya yi baƙi ƙirin, da ɗan abin ɗaga wutarsa. Ba na jin aradu ta sauka a kansa kai tsaye, da haka ne da ba abin da zai rage, kusa ta faɗa kebul ɗin ya kwaso. Kuma na san da wannan tun Fabrairu. Na sayi sandar jan ƙarfe ta binnewa mai kai wutar aradu ƙasa, na hau da ita, na rasa inda zan kafa ta don ko'ina dutse ne, na jingine ta na ce sai an kusa damina. Ga damina ta zo ta same ta a jingine.

Yau mun samu wata tsaga mai ƙasa kamar mita ashirin a gangare, muka kafa sandar, muka zuba gawayi da gishiri, muka ja waya mai kauri daga turke. Ko zai wadatar, Allah masani, ba ni da na'urar aunawa. Sabon rediyo yanzu 95,000 ake cewa, asusu kuwa 8,000 ne a ciki. Wayoyin cikin ƙauye suna nan suna aiki, waje ne babu.

Asabar, 25 ga Mayu

Ina kwance na tuna Yagi na ƙarƙashin gado. A kwari ba ta samu komai ba, amma a kan dutse ai akwai sanda ɗaya ko da wayar hannu. Na ɗauko Pi ɗin gari da sim ɗinta na hau da su, na ɗaura Yagi a inda mataccen farantin yake, na nuna ta gari. Sanda huɗu. Na zauna a kan akwatin ina dariya ni kaɗai, Habu yana kallona kamar na taɓu. Wato da tun Janairu na yi wannan, da rediyo biyu sun ishe ni, 124,000 na nan a aljihu. Abin da ya kai ni gari tun farko shi ne son intanet mai ƙarfi da tsoron barin sim a daji ba mai gadi, to yanzu akwai Habu, intanet ɗin kuma ba wanda ya taɓa tambayata sai malamin makaranta.

Kira na shiga, murya ma ta fi da tsabta. Abin da na rasa shi ne leƙa na'urar daga Kano, sai dai Habu ya karanto min fitilu.

Asabar, 1 ga Yuni

Ɗorawar Kawu ta cika ganye, lambar kemis ta koma -69 daga -61, in an yi ruwa har -74. Tana aiki dai. In ta wuce -78 sai ƙarin faif, ba zan sake yi masa maganar reshe ba.

Rediyon saman shagon Yaya na sauko da shi, lafiyarsa ƙalau. Fulanin rugar yamma sun aiko Ardo ya ce su ma suna son lamba 15, kilomita ɗaya da rabi daga dutsen kuma ana hango su sarai. Suna buƙatar ƙaramin sola da batir da akwatin waya mai rami ɗaya da ƙarin rediyo a kan dutse, na ƙiyasta 260,000, sun ce za su sayar da rago biyu kafin babbar sallah tunda yanzu yake da daraja. Laraba zan je in auna wurin, in ruwa bai cika rafi ba.